Alhamis, Ƙarfe Tara

A kan dutsen da ke kallon teku a Cornwall
suka kafa fararen faranta,
kowanne ya fi cocin ƙauyenmu faɗi,
baki buɗe ga sama kamar masu tarar ruwa.
Mutanen gari suka ce na duba yanayi ne.
Na bar su a haka.
Mijina Jory ma, har ƙasa ta rufe idonsa,
ya ɗauka lissafin albashi nake bugawa.

Shekara goma sha tara da marufi a kunnuwana,
ɗaki ba taga,
agogo uku a bango, ɗaya kaɗai ya san garinmu.

Ranar farko Mista Hosken ya ce:
"Kerensa, doka ta hana mu sauraron namu.
'Yan'uwanmu na ƙetaren teku, su ma haka.
To su ji namu, mu ji nasu,
ran Juma'a a yi musaya."
Cuɗe-ni-in-cuɗe-ka
a cikin ambulan mai jan hatimi.
Na ce, ai na zaci maƙiya za mu saurara.
Ya goge tabaransa da gefen riga.
"Maƙiyi, kin san abin da ke ransa.
Aboki ake kasa wa kunne."

Kakata 'yar Madeira ce, da harshenta ta yi mini reno,
sai suka ba ni layin Fotugal.
Da harshen da aka lallashe ni in yi barci
na koyi laɓewa.

A nan na san Anselmo.
Ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Ƙaramin akawu ne a ofishin jakadanci a Ottawa,
mai tari kafin ya fara magana.
Duk Alhamis, ƙarfe tara, sai ya kira uwarsa,
Dona Idalina, can a Viseu.
Yaya gwiwarki? Ɓauren bayan gida ya yi 'ya'ya?
Kin karɓi kuɗin? Kada ki ba Tomé ko sisi.
Ita kuma: kana sa rigar sanyi kuwa?
Na rubuta duka.
Gwamnatoci biyar sun san ciwon gwiwar Dona Idalina,
ba wadda ta aika mata man zafi.

Wata Alhamis, a bazarar saba'in da huɗu,
tsakanin zancen ɓaure da zancen kuɗi
ya rage murya:
"Mama, jakada ya kwana yana ƙona takardu."
Jimla ɗaya tak.
Na ɗauki jan fensir na ja layi a ƙarƙashinta,
don aikina ke nan,
don an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba,
amma nawa cikin na haya ne.
Hosken ya dafa kafaɗata. Aka ƙara mini fam biyu.

Alhamis ta zagayo.
Ƙarfe tara. Tara da rabi.
Layin yana ta huci kamar teku a cikin kwanson dodon-koɗi.
Wataƙila gida aka mai da shi, shekarar ta juya kowa.
Wataƙila mata ya samu, ya manta da waya.
Wataƙila jan layina ya bi hannu, ya bi hannu,
ya faɗa hannun da bai kamata ba.
Na tambaya sau ɗaya.
Aka ce mai saurare ba ya tambaya.

Yanzu kunnen hagu ya mutu, na dama yana bin sa.
Farantan suna nan, sun ma hayayyafa.
Jikata takan kira ni daga Toronto ran Lahadi,
ta ce, "Kaka, me ya sa kike yin shiru kafin ki amsa?"
Ba ta san jira nake ba,
wadda ke tsakaninmu ta gyara zama,
ta feƙe fensirinta.

Sannu da aiki, yarinya.
Gwiwata ce ke ciwo. Rubuta.
Amma wannan kada ki ja masa layi:
na dasa ɓaure a bayan gida,
shekara talatin, bai taɓa nuna ba.